Turakun da Baba Ya Kafa a Bayan Gidanmu

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta na 1987, ruwa ya ɗauke bayan la'asar, Inna ta miƙo mini hannun ƙanena Habibu ta ce in fita da shi ta samu ta tuƙa tuwo. Shekarata tara, shi kuma uku da 'yan watanni, yana sanye da wata 'yar shuɗiyar riga da Baba ya haɗa masa da ragowar ƙyallaye. Muka fara zama a dakalin ƙofar gida, Baba ya leƙo daga zaure ya ce mu matsa, yana da baƙi masu karɓar ɗinki. Muka koma gindin katangar masallaci, ladan ya kore mu saboda surutu. Muka shiga lungu, wani mai babur ya taho a guje ya watsa mana ruwan kwata a ƙafafu. Daga nan ni da ƙawata Ladidi muka nufi inda kowane yaron unguwarmu yake ƙarewa idan an gama korarsa, wato bakin kududdufin da ke bayan gidanmu. Na zaunar da Habibu a gefena, na ba shi gwangwanin madara yana cika shi da ƙasa, muka baje duwatsunmu muka fara 'yar carafke. Wasa ne da ake jefa dutse sama, ido yana kansa, hannu yana kwasar na ƙasa. Idona yana sama. Ban san sau nawa na jefa ba. Da na waiwaya, gwangwanin yana nan, Habibu ba ya nan.

Wanda bai tashi cikin birnin Zariya ba, zai yi mamakin yadda mutane suke kwana da tashi da rami irin wannan a bayan ɗakunansu. Kakanninmu ne suka haƙa shi suna ɗibar ƙasar gini, kusan kowace katanga a unguwar daga cikinsa ta fito. Da rani yakan janye ya bar baƙin taɓo da wari, da damina kuwa ya cika fal, kainuwa ta rufe shi ruf, kore shar, sai ka rantse fili ne mai ciyawa. Babba ya san ruwa ne, agwagin unguwa sun sani, amma ɗan shekara uku da ya ga agwagwa ta shiga bai sani ba. Malam Isiyaku magini ne ya zo da doguwar gora yana yaye kainuwar, ya sami gawar Habibu taku kaɗan daga bakin ruwa, daidai bayan katangarmu. Ba wanda ya doke ni, ba wanda ya ko daka mini tsawa. Inna ta jawo ni ta rungume tana cewa "Kwanansa ne ya ƙare, Hajara," kuma wallahi da duka aka yi mini da na fi samun sauƙi.

Baba maɗinki ne, ɗinkin hannu na manyan riguna, mutum mai shiru-shiru da yakan wuni a zaure da allura bai ce uffan ba. Shi ya sa mutane suka yi tsit ranar sadakar bakwai da ya ɗaga murya bayan an shafa fatiha. Ni ina soron ciki ina miƙa kwanukan gumba, na ji shi da kunnena. Ya ce Habibu ne na uku da ramin nan ya ci tun da shi Baban ya yi wayo, kuma kowane lokaci sai a ce ƙaddara a watse. Ya ce ƙaddara gaskiya ce, amma yaran nan ba son ruwan suke ba, korarsu muke yi daga ko'ina har su isa can, kuma shi ne ya fara korar nasa. "A cike shi, a bar wa yara," in ji shi, "su ma su sami inda ba za a ce musu su matsa ba." Dattawa suka gyaɗa kai, mai unguwa ya ce magana ta yi, Alhaji Tanimu mai hatsi, maƙwabcinmu na dama, har da share hawaye da hannun riga.

An rubuta takarda an kai wani ofis ana roƙon motocin ƙasa, aka ce a dawo, aka yi ta dawowa har masu zuwa suka gaji. Sai aka yanke a yi da hannu. Duk sharar unguwa, da toka, da ɓaraguzan tsohon gini, a daina kai su bola, a riƙa zuba su a ramin. Watannin farko abin ya tafi, daga baya aka fara noƙewa, kowa yana jiran wani. Nan ne halin sana'ar Baba ya motsa. Mutumin da ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna, bai ga yadda za a yi aiki ba awo ba. Ya samo igiya, ya sa aka fere turaku, da ruwa ya janye ya shiga taɓo har gwiwa ya raba kududdufin gida shida, daidai da gidaje shidan da suka ba shi baya, kowane gida da yankin da ke bayan katangarsa. Dabararsa ita ce duk wanda ya yi lalaci, ramin da ya bari zai tona masa asiri a idon jama'a. Kowa ya yaba wa Baba, ana cewa ai Malam ya iya yanka.

Dabarar kuwa ta ci. Kunya ta yi aikin da wa'azi bai yi ba, gidaje suka shiga gasa. Shekara uku muna wannan aiki. Da safe kafin in tafi makaranta sai na kai kwando biyu, da yamma bayan Islamiyya in kai uku, ni da yayana Ibrahim da ya girme ni da shekara bakwai. Kaina ya yi kanta a inda gammo yake zama. Inna tana cikin kulle, ba ta taɓa taka wurin ba, amma ita ta fi kowa zafi. Takan tara tokar murhu da ɓawon gyaɗa da dusar da ta lalace, tukunya ko tsagewa kaɗan ta yi sai ta fasa ta ta ce a kai, har tsohon rumbun kakarmu ta sa aka rushe. Idan wani gini ya faɗi a wata unguwa, Baba yakan ajiye allura ya je ya roƙi ɓaraguzan, ya nemo mai jakuna ya kwaso. Hannuwansa suka yi kaushi har zaren siliki yana maƙalewa a yatsunsa. Ni kuwa duk kwandon da na juye, ina kallon wuri ɗaya ne, ina so in ga ranar da ƙasa za ta hau kansa.

Da ranin 1990 aka gama. Aka zuba jar ƙasa a sama, matasa suka daɓe, aka yi addu'a aka raba ƙosai. Ba zan ɓoye ba, watannin da suka biyo baya sun yi daɗi. Ban taɓa ganin sarari haka a cikin birni ba. Maza suna langa a gefe guda suna ƙwallo da ƙunshin tsumma, mu muna zana 'yar gala-gala da gawayi mu yi ta tsalle har a kira magariba, ƙanana suna tuwon ƙasa a murafun kwalba, wasu suna gara tsohuwar taya daga wannan bango zuwa wancan ba mai ce musu kanzil. Ladidi, wadda ta daina yi mini magana tun ranar nan don ita ma abin yana cinta, a filin muka shirya. Inna takan shimfiɗa tabarma a gindin katanga daga ciki tana tsince shinkafa tana sauraron ihunmu. "Muddin ina jin muryarku, na san inda kuke," haka take cewa. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna ya yi, ba a cire turakun ba. Mu yara ma mun ji daɗinsu, da su muke yin raga.

Gab da babbar salla Alhaji Tanimu ya kewaye yankinsa da darni, ya ce raguna zai ɗaure na kwana goma kawai. Salla ta wuce, an cinye ragunan, darni yana nan. Kafin damina ta kankama sai ga tubali an jibge. Malam Isiyaku, wanda ya ciro Habibu da hannunsa, ya ga haka ya ja tasa katangar, ya ce 'ya'yansa sun girma ba su da ɗaki, kuma gaskiya ya faɗa. Baba ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a ya tafi wurin mai unguwa. Abin da aka gaya masa ya maimaita wa Inna a tsakar gida yana tsaye, ko zama bai yi ba. An ce tun zamanin kakanni, duk wanda ya cike bakin kududdufin da ke bayan gidansa, wurin ya zama nasa, haka rabin ɗakunan birni suka samu. Da taron dangi aka yi wa ramin, kowa ya zuba inda ya ga dama, da ba mai iya nuna nasa, da fili ya zama na unguwa. "To amma Malam," in ji mai unguwa, "wa ya auna? Wa ya kafa turaku?" Baba ya san wannan al'ada sarai, a cikinta aka haife shi, baƙin ciki ne ya rufe masa ido bai hango ta ba. Da igiyarsa ya yanka wa kowa rabonsa, ya kuma sa kowa ya yi gumi a kai shekara uku a gaban shaidu.

Cikin shekara biyu gidaje biyar suka haɗiye nasu. Ruwan sama da ya saba gangarawa ramin ya rasa wurin zuwa, ya koma yana kwana a lunguna yana cin gindin katangu, sauro ya ƙaru, aka shiga zargin juna. Abin da ya rage shi ne yankinmu, wani siririn wuri da bai fi a shimfiɗa tabarmi shida ba, katangu sun kewaye shi ta gefe uku, sai wata 'yar hanya da Baba ya bari ta gefen zaure. Ya ƙi gini, duk da mu ma a cushe muke. Ya dasa darbejiya, da ta yi ƙarfi ya ɗaura mata lilo da igiya da guntun katako. Yaran unguwa suka ci gaba da zuwa, har da jikokin Alhaji Tanimu, suna layi suna faɗa a kan lilo ɗaya, ƙwallo kuwa da an buga sai ta faɗa gidan wani. Mutane suna yi masa dariya a bayan ido, ana cewa Malam ya bar ɗaki guda yana kiwon 'ya'yan mutane. Bai sake zama a majalisar ƙofar masallaci ba, daga salla sai zaure. Ni kuma na daina zuwa wurin. Da filin yana da faɗi ina iya wasa a can nesa, amma da ya tsuke, abin da ya rage daidai inda aka ciro Habibu ne, lilon ma a kansa yake reto.

Baba ya rasu a 1998, ina da shekara ashirin, an sa ranar aurena. Bayan arba'in Yaya Ibrahim ya tara mu a ɗakin Inna. Ya daɗe yana son aure ba ɗaki, ya yi haƙuri don Baba, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ce yana so ya gina bayan gida, amma ba zai taɓa wurin ba sai mun yarda. Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi, daga bayan katanga ana jiyo yara suna gardamar wanda zai hau lilo. Sannan ta ce a tambayi Hajara, ita ta fi kowa ɗaukar kwando. Na san abin da take so in ce, na ga yadda ta karkata kunne wajen katangar. Na ce a gina. Na ce Yaya yana da buƙata, kuma yara ai ba sa rasa wurin wasa. Ƙarya nake yi, na fi kowa sanin suna rasawa. So nake a zuba siminti a wurin, a ɗora gado da kabad, in daina sanin daidai inda yake. Aka sare darbejiyar cikin mako guda. Inna ba ta taɓa yi mini maganar ba har ta koma ga Allah, sai dai ta ɗauke tabarmarta daga gindin katangar ta mayar ƙofar ɗaki.

Yanzu idan na je gida, a falon Yaya ake saukar da ni, ɗaki mai tayil da fanka, matarsa ta kawo mini ruwa mai sanyi. Ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin kujerar da nake zaune sai ni da Yaya. Lungun ya ƙara tsukewa, ga Keke Napep da babura suna kutsawa, yara suna manne wa bango su wuce sannan su koma kan wasansu a bakin kwata. Kwanakin baya na ji wasu matasan unguwar suna shirin rubuta takarda a nema wa ƙanana filin wasa, ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko gaskiya ne an taɓa yin fili a nan. Na ce an yi. Ya ce to wa ya cinye shi, sai na lissafa masa gidaje biyar na tsaya a nan. Ina fitowa na tarar da jikata 'yar shekara uku a dakali tana cika gwangwani da ƙasa, wani baƙo yana ce mata ta matsa, na kama hannunta na riƙe har ta ce ina ji mata ciwo. Gida na shida ni ce.