Ranar da Wayata Ta Ƙi Kuka

Ni dillalin shanu ne a Garwa. Ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne saniya da hanya.

A shekarun da masu tare hanya suka addabe mu, sun taɓa kwantar da ni a bakin kwalta, ƙafar mutum a kan wuyana. Wanda ke kwance kusa da ni bai tashi ba. Tun ranar na daina tafiya, ƙanena ya karɓa. Shi ke kai shanunmu Ngawundere a loda su a jirgin ƙasa, ya dawo da kuɗin ɗaure a ƙugu.

Lokacin salula ba ta zo hannunmu ba. Wayar tebur ce a shagona, kuma magana a cikinta tsada. Sai muka yi dabara. Kafin ya hau motar dawowa, bayan azahar, zai shiga kabin, wato ɗakin da ake biya a buga waya, ya kira ni. Ni kuma tun safe na je tasha na ji labarin hanya daga bakin direbobi. In hanya lafiya, zan bar wayar ta yi kuka sau biyu, ba zan ɗauka ba, ya ajiye ya taho, babu wanda ya biya ko dala. In na ɗauka, to akwai matsala. Shirun nan nawa shi ne izininsa.

Maƙwabcina tsohon akawu ne, ya yi ritaya, yana rubuta wa mutane takardu a rumfar da ke jikin shagona. Wata rana ya shigo da wani faifai mai sheƙi.

"Alhaji, intanet ce. Kyauta!"

"Mece ce ita?"

"Wasiƙa za ta je Faransa kafin ka gama kurɓar shayi. Kwamfuta ina da ita, layi ne ba ni da shi. Ɗan zare kawai zan jona a bayan wayarka."

Na ce, "Malam, ko ƙashi ba na ba kare kyauta sai na rage naman."

Ya yi dariya, ya ce ai matsalata kenan, komai sai na auna shi da mahauta. Ya ce masu shagunan intanet da ke da faranti a kan rufi, can wajen babbar kasuwa, kowace awa sai an biya su, wannan kuwa ba a karɓar komai. Mutumin kirki ne, shi ke karanta mini takardun gwamnati. Na bar shi. Ya huda bango ya ja zarensa. Ban tambayi komai ba, shi ma bai faɗa ba.

Kwana tara bayan haka, ƙanena yana Ngawundere da kuɗin shanu. Da safe na je tasha, na tarar da mota ta shigo daga Ngawundere gilashi a farfashe, fasinjoji babu ko takalmi. Direban ya ce masu tare hanyar suna nan a dajin, ba su watse ba.

Na dawo na zauna gaban waya. Ko masallaci ban je ba, a shago na yi azahar, kunnena na kan tebur. Na ɗora hannu a kanta, don kada kukan farko ya wuce ni.

Ba ta yi kuka ba.

Wani mahauci ya zo ciniki, na kore shi. Matar ƙanena ta leƙo ta ce, "Yaya, ya bugo?" Na ce ta koma gida. Ta tsaya tana kallon fuskata, sannan ta tafi. Ba ni da lambar da zan kira, domin duk kabin ɗin da ya samu shi yake shiga. Motocin ƙarshe kuwa kafin la'asar suke tashi.

Da na gaji na ɗaga kan wayar in ji ko ta mutu. Sai wani ƙugi, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Ta bayan bango na ji akawu ya yi tsaki.

"Alhaji, ajiye mana! Ka katse mini, hoto nake saukewa, saura kaɗan."

"Tun yaushe kake kai?"

"Tun hantsi. Abin ne ba ya sauri."

"In kana kai, mai kirana me zai ji?"

A hankali ya ce, "Zai ji layi a kame."

Na fizge zaren har da ƙasar bango. Mun shirya ma'anar ɗauka, mun shirya ma'anar ƙin ɗauka. Layi a kame ba mu taɓa shirya masa komai ba. In ya ɗauke shi a matsayin shiru, yana cikin mota yanzu.

Akawu ya zo ya tsaya a ƙofa, hularsa a hannu. Ban dube shi ba. Aka kira la'asar, ban tashi ba.

Ana cikin sallah wayar ta yi kuka. Ban bari ta gama na farko ba.

"Kada ka taho!"

"Yaya, kai ne? Sau shida ina bugowa! Har na sa ƙafa a mota na sauko."

"Me ya sauko da kai?"

"Na ce mutumin da bai taɓa minti ɗaya a waya ba, yau shi ne awa biyu? Ko ya mutu ne mata na sanar da dangi. Na ce bari in ji tukuna."

Na ce ya kwana, ya jira rakiyar jandarma, jami'an tsaro. Na ajiye.

Ƙarshen wata takardar kuɗin waya ta zo, akawu da kansa ya karanta mini. Intanet ɗin kyauta ce, gaskiya ya faɗa. Mintocin layin ne suka ci kuɗin ɗan maraƙi. Na biya. Daga nan ya koma wajen masu faranti yana biyan awarsa.

Ramin bangon na toshe shi da siminti. Da ƙanena ya dawo muka ƙara sharaɗi ɗaya: in bai ji kukan waya biyu da kunnensa ba, kada ya motsa.