Tsayi Ba Ƙirji

Ni dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu ta Babura, tun ina saurayi, karatuna kuma bai wuce allo da firamare ba. Dabba na sani. In na zagaya sa sau ɗaya, zan gaya maka abin da ya ci da rani da yadda zai kasance in damina ta sauka. Amma ƙwallon kwando, har yau da nake wannan rubutu ban fahimce shi ba.

Ɗana na fari ne ya jefa ni cikin sha'anin. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a nuna shi a ce ga nawa. Haka na ga mahaifina ya yi da yayana, haka ni ma na yi. Uwarsa takan ce "yaron nan", ni kuma in ce "wancan". Tun yana ƙarami ya yi tsayi, har sai ya sunkuya kafin ya shiga zaure. Da ya samu shiga wata ƙaramar kwaleji a Kazaure, sai muka ji an sa shi a ƙungiyar wasa. Na ɗauka ƙwallon ƙafa ne, ban kuma tambaya ba.

Wata Asabar uwarsa ta ba ni ƙuli-ƙuli da garin kunu in kai masa, tunda ina da hanya. Da na isa ɗakin kwanansu aka ce yana fili. Na bi hayaniya har na iske wani dandamalin siminti, da ƙarfe dogo a kowane gefe, kowanne da kwando marar gindi a samansa. A bakin wayar da ta kewaye filin akwai rumfar mai shayi, mutanen gari sun cika bencinta. Na yi sallama, aka matsa mini, na zauna da ƙunshina a cinya.

Ina zama na gan shi. Riga marar hannu ce a jikinsa, mai lamba tara, da gajeren wando. Na kau da kai, sannan na sake dubawa.

Abin da na gani ya ruɗa ni. Ƙwallo ta shiga kwando, babu wanda ya tsaya murna, sai kowa ya juya da gudu kamar an koro su. Alƙalin wasa yana ta busa usur ba tare da na ga wanda ya yi laifi ba. A fitar da mutum ya zauna, can kuma a mayar da shi. Na tambayi mai shayi yadda ake lissafi, ya ce shiga ɗaya maki biyu ne, wani lokaci uku, wani lokaci ɗaya, ya danganta da inda mutum ya tsaya.

Na ce, "A kara sa ɗaya sa ɗaya ne, ko daga Nijar aka koro shi."

Suka yi dariya, daga nan na zama Baba na Babura a rumfar.

Mutum biyu ne suka riƙe musu a wurin. Akwai wani tela siriri mai tabarau, da wani bakaniken babura mai faɗin murya. Ba su da ɗa ko ƙane a kwalejin, amma wasa ba ya wuce su. Bakaniken mutumin mai lamba huɗu ne, wani gajeren yaro ɗan Roni da ke jefawa daga nesa. Telan kuwa, ga mamakina, mutumin mai lamba tara ne.

"Ka dube shi da kyau," in ji telan. "Shi ne ginshiƙin ɗakin nan. Duk ƙwallon da ta daki bakin kwando ta faɗo, a hannunsa take sauka."

"Ginshiƙi ai ba ya motsi," in ji bakaniken. "Maki nawa ya ci yau? Faɗa mini mu ji."

"Ba cin maki ne aikinsa ba."

"To me ya kawo shi fili? Hoto ya zo ɗauka?"

"Kai abin da ka sani kenan, ƙara da hayaƙi. Wa ke ba gajerenka ƙwallon da yake jefawa?"

Ni ma a raina tambayar bakaniken nake yi. Na ga wancan ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, ga kwando a saman kansa, amma sai ya miƙa wa gajeren. In mutum ya wahala ya kamo akuya, ban ga dalilin ba wa maƙwabci igiyar ba. Amma in telan ya yabe shi, sai in ji ƙirjina ya yi ɗumi, in sunkuyar da kai ina juya cokali a kofi.

Da aka tashi na zagaya ta ƙofar makaranta na ba shi saƙon uwarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ban ce na ga wasa ba, shi ma bai tambaya ba.

Daga nan na riƙa samun hanya zuwa Kazaure duk ranar wasa. Yau in ce zan ga wani mahauci, gobe in ce maganin gwiwa zan saya. Nakan zauna can cikin rumfar, bayan tukunyar shayi, inda ba a hango ni daga fili. Ban ƙaru da komai game da wasan ba, amma na haddace musun nan kamar karatu. Ranar da aka ci wasa, bakaniken ya ce hannun gajere ne. Ranar da aka sha kashi, ya ce nauyin ƙafar dogo ne. Telan kuma ya cire tabarau ya goge, ya ce Allah ya shirya.

Wata rana musun ya yi zafi, sai bakaniken ya juyo gare ni.

"Baba, kai ka ga jiya ka ga yau, kuma idonka idon dillali ne. Raba mu. Mai lamba taran nan, in sa ne a kara, za ka saya?"

Duk suka zuba mini ido. Ba zan iya yabonsa ba, ko da ba su san ko ni wane ne ba, bakina ba zai buɗe ba. Kuma a sana'armu dabbar da ka fi so ita kake kushewa. In ka ga na wuce sa ban ce komai ba, ba ya gabana. In ka ga na tsaya ina taɓe baki ina cewa ƙahonsa ya karkace, to shi na zo saya. Bakina ya riga tunanina.

Na ce, "Tsayi ne kawai, ba ƙirji."

Bakaniken ya buga cinya yana dariya har shayinsa ya zube. Telan ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Haba Baba," bai ƙara ba. Ni kuwa a raina na yi yabon da ya fi kowane yabo, na hau mota na koma Babura hankalina kwance.

Asabar ta gaba, ana fara wasa, wancan ya yi tsalle ƙwallo ta kuɓuce masa. Sai na ji muryar bakaniken ta cika fili: "Tsayi ba ƙirji!" Wasu samari suka ɗauka, har da tafi. Kafin a tafi hutun rabin lokaci maganar ta zama waƙa.

Na ga lokacin da ta shiga kunnensa. Ya tsaya cak a tsakiyar fili. Wannan magana ya sha jin ta tun yana riƙe mini sanda a kara, kuma bakin mutum ɗaya ne ke faɗin ta. Ya juyo ya dubi rumfar mai shayi, ya duba har bayan tukunya. Muka haɗa ido. Sai usur ya tashi, ya ci gaba da gudu. Ranar bai kama komai ba, koci mai horar da su ya zaunar da shi tun kafin a gama, ya rufe kansa da tawul.

Ban tsaya ba, na wuce tasha. Duk hanya ina gaya wa kaina cewa ai ya san kara, ya san abin da kushe yake nufi a bakina.

Bayan kwana biyu, ina cin tuwo, uwarsa ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Malam, yaron nan ya kira. Ya ce in ya buga wasan Asabar zai mayar musu da rigarsu."

"Saboda me?"

"Kai za a tambaya. Ashe mahaucin Kazaure kwando yake sayarwa."

Na ajiye loma. Na yi mata bayani yadda abin ya faru, na ce ai yabo ne, duk ɗan dillali ya san haka.

Ta ce, "Ni ba dillaliya ba ce, amma na zauna da dillali. In ka kushe sa, tafiya gida kake yi?"

"A'a. Sai in dafa shi, in taya."

"To shi wannan ka kushe, ka hau mota."

Ta ɗauke kwanon wanke hannu ta shiga ciki. Na daɗe zaune a wurin. Ban san yadda ake taya ɗan fari ba. Mahaifina bai nuna mini ba, kuma ban taɓa ganin wani ya yi ba.

Ranar Asabar na saka babbar riga na tafi. Baƙi ne suka zo daga wata kwaleji, dukansu ƙarfafa. Ban shiga rumfa ba. Na wuce ta ƙofa na zauna a bencin da ke bakin layi, inda duk wanda ke fili zai gan ni. Telan ya hango ni ya biyo ni, bakaniken ma ya biyo shi, don ba sa iya kallo in ba su da abokin musu.

Wasan ya fi na kullum ruɗa ni. Wancan yana ta gwabzawa da wani ƙato a ƙarƙashin kwando, kafaɗa da kafaɗa, kamar bijimai biyu a bakin rijiya. In ya ture ƙaton a busa usur, telan ya dafe kai. In ƙaton ya ture shi a busa usur, telan ya ce madalla. Na ce wane ne mai gaskiya a ciki? Ya ce, "Baba, bari a gama." Sau ɗaya bakaniken ya buɗe baki zai fara waƙarsa, na juya na yi masa irin kallon da nake wa yaron da ya saki igiya. Ya rufe baki, bai san dalili ba.

Ana dab da tashi aka sake busa usur, alƙali ya nuna wancan, ya nuna benci. Na ɗauka kora ce ta wulaƙanci. Sai na ji ana tafi, har koci ya buga bayansa. Telan ya ce laifinsa ya cika adadi, dole ya fita, amma ya hana ƙaton sakat tun farko. Wato an kore shi saboda laifi, kuma ana tafa masa saboda laifin. Na bar abin haka nan. Da aka tashi sai da na tambaya kafin na san baƙin ne suka ci, da ɗan kaɗan.

Yana tsaye a gefe yana goge gumi, ya riga ya kama bakin rigar zai cire. Na tashi na taka simintin nan da takalmina na kasuwa, na nufe shi. Da ya gan ni ya saki rigar, ya durƙusa a gaban kowa.

"Baba, sannu da hanya."

Da yana tsaye da hannuna bai kai ba. Na ɗora tafina a kan kafaɗarsa, daidai inda nake dafa tozon sa in na gama kushe shi kuma ba ni da niyyar barin wani ya taya. Rigar ta jiƙe sharkaf. Ban ɗauke hannun ba. Gaisuwa ta ƙare, hannun yana nan. Shi ba zai tashi ba sai na ɗauke, abokansa kuma suna tsaye suna jiransa. Na ji numfashinsa yana sauka a hankali a ƙarƙashin tafina.

Bakaniken ya matso. "Baba, ashe ka san shi?"

Na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Telan ya dubi kunnuwana, ya dubi na yaron, ya ga iri ɗaya ne, ya cire tabarau. Bakaniken ya ce yana da babur da ya bari a buɗe, ya tafi da sauri.

Na ɗauke hannu, wancan ya miƙe, na koma ina kallonsa daga ƙasa. Na ce, "Wasa na gaba yaushe ne?"

"Asabar ta sama, Baba."

"To."

Ya ce, "Baba, benci na can gefen ya fi inuwa."

Bai mayar da rigar ba. Da na isa gida uwarsa ta ce ya kira, wai a ƙara masa ƙuli-ƙuli, kuma a ba mai zuwa ganin mahauci ya taho da shi.

Har yanzu ina zuwa, a bencin mai inuwa nake zama. Abin da na rasa shi ne musun nan. Tun ranar bakaniken ba ya faɗin komai a kan mai lamba tara in ina wurin, sai "Allah ya yi masa albarka, Baba." Telan kuma ya ɗauki nauyin koya mini wasan, yana zana mini fili da tsinke a ƙasa. Makon jiya ya nuna mini cewa in wancan ya tsaya ƙyam bai taɓa ƙwallo ba, ya tare mai bin gajeren, shi ma aiki ne babba. Na gyaɗa kai. Da aka dawo fili na zuba ido, na ga ya tsaya ƙyam, gajeren ya jefa, ta shiga. Mutane suka tafa wa gajeren. Na dubi telan, ya nuna mini wancan da haɓa, ni kuma na sa hannuwana cikin riga don kada a ga abin da suke yi.