Ƙaramin Sifilita a Alkukin Hajiya

Ni ɗan kasuwa ne, kuma da tafin hannu na koyi sana'a. Na fara da cajoji da batiran waya a kan tebur kusa da Babbar Kasuwa, har Allah Ya sa na buɗe shagon kayan sabis: eriya, wayoyi masu kauri, akwatin ƙara ƙarfi, da wani ƙarfe da muke ce wa sifilita, wanda ke karɓar sabis ta baki ɗaya ya fitar da shi ta baki biyu. A layinmu idan aka miƙo maka kaya, kafin ka duba rubutu sai ka ɗora a tafi ka ɗan girgiza. Mai nauyi shi ne na ƙwarai, mara nauyi jabu. Haka masu saye suke yi, haka nake yi, kuma ban cika yin asara ba.

Gidanmu na gado yana cikin gari, soron ƙasa mai kaurin bango, irin wanda ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji kamar an jiƙa iska. Zafi ba ya shiga, sabis ma ba ya shiga. Mahaifiyata Hajiya tana da ƙanwa ɗaya da ta rage mata, tana aure a Maraɗi, kuma duk Juma'a bayan an sakko masallaci sukan yi hira ta waya. Shekara da shekaru a gindin lemun tsakar gida take tsayawa, nan kaɗai sabis ke sauka. Da gwiwoyinta suka ƙi, hirar ta koma sai ranar da aka samu masu tallafa ta. Daga baya ko hakan ya gagara. Wayar tana nan kusa da matashinta, shiru kamar sabulu.

A wurina aikin ba wuya. Eriya a kan soro, akwatin ƙara ƙarfi a ƙarƙashin matakala, waya ta sauko ta tagar ɗakinta. A nan za a raba sabis biyu, rabi nata, rabi ya wuce zaure, domin ta ce ba za ta sha ita kaɗai baƙi na zaure suna ɗaga waya sama ba. Na kawo sifilita mai nauyin dutsen guga, da farar eriyar ɗaki mai faɗin faranti, da guduma.

Ta dubi gudumar ta ce, “Mi za ka yi da wannan?”

“Ƙusa kaɗan ne, Hajiya.”

“Ɗaga kanka ka duba bangon.”

Na sani ba sai na duba ba. Mahaifinmu da hannunsa ya yi yaɓen ɗakin, kuma idan hasken hantsi ya shigo ta taga har yanzu ana ganin sawun yatsunsa suna zagayawa kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa.

“Ba a buga ƙusa inda hannun Malam ya bi,” in ji ta. “In abinka zai zauna a alkuki, bismilla. In ba zai zauna ba, ka mayar shago.”

Alkukin ɗan rami ne a bango, inda ake ajiye fitilar aci-bal-bal a da. Ko rabin kayana ba zai ɗauka ba. Na kwashe na tafi.

Babbar ɗiyata sunan Hajiya ta ci, don haka Uwata nake ce mata, ita kuma Hajiya takwara. A lokacin tana digiri na biyu a fannin injiniyan sadarwa, kuma aikin bincikenta, ashe, a kan ƙanƙantar da sifilita ne, irin wanda za a iya cusawa cikin ƙananan na'urorin sabis. Ta sha faɗa mini, ina jin ta da kunne ɗaya. Wata la'asar ta zo shago ta ɗora mini wani abu a tafi. Ɗan koren allo ne, bai kai kwalin ashana ba, da zanen jan ƙarfe a kai. Hannuna ya girgiza shi tun kafin in yi niyya.

“Baba, ba tumatir ba ne,” in ji ta.

“Uwata, wannan ko iska ta fi shi nauyi. Ina aikin yake ɓuya?”

Ta ja kujera ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce igiyar sabis tana da tsawon hanyar da dole ta bi kafin ta rabu biyu daidai, in ka rage hanyar rabon ya lalace. Tunda ba a yanke hanya, sai a naɗe ta. A babban sifilita hanyar miƙaƙƙiya ce, a nata ta lanƙwasa ta, ta je ta dawo, ta je ta dawo, a ɗan fili. Can ƙarshe akwai wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero tsakanin bakuna biyun, shi ke hana abin da ya dawo ta wannan baki ya shiga wancan. Tsoronta ɗaya ne: in lanƙwasar ta matsu da yawa, layukan sukan yi ta raɗa da juna, sai baki ɗaya ya ƙoshi ɗayan ya tashi da yunwa.

Ta ba ni gilashin da masu gyaran waya ke duba ƙananan abubuwa. Na kara ido. Hayaniyar kasuwa ta ja baya. Abin da na gani lungunan unguwarmu ne daga sama, yadda shirwa za ta gan su: ka shiga nan, ka karya kwana, ka bi bayan gidan marina, ka dawo kusan inda ka fito, alhali ka yi tafiya. Na ga kaina ina yaro ina gudu a ciki da kwanon aike. Sai na ga kamar muryoyin mutanen Katsina duka ne ke bin lungun a jere, masu gaisuwa, masu ciniki, masu jaje, kowa da sauri ba mai ture wani, har su iso inda hanya ta rabu.

“Baba, ka yi barci ne?”

“Ina duba kaya,” na ce.

Ranar Asabar muka haɗa. Ɗan allon ya zauna a alkuki kamar don shi aka haƙa. Ta ɗaura masa eriya mai tsawon ɗan yatsa a baki ɗaya, siririyar waya ta fita ta ɗaya bakin zuwa zaure. Ba ƙusa ko ɗaya. Wayar Hajiya ta cika da sabis, ta zaure ma haka. Hajiya ta sa aka miƙo mata allon, ita ma ta girgiza shi a tafi, domin a wurinta na gado.

“Takwara, da hannunki kika yi wannan?”

“Da hannuna, da wani ruwa mai cin jan ƙarfe.”

“To Allah Shi yi albarka. Ubanki ƙarfe ya iya ɗauka, ke kin iya saƙa.”

Juma'a ta zo, ƙanwarta ta kira ni daga Maraɗi, ta ce ta yi ta neman yayarta waya ba ta shiga. Na kira yayana da ke zama a zaure, tasa ta shiga tar. Baki ɗaya ya ƙoshi, ɗaya da yunwa, abin da Uwata ta ji tsoro ke nan. Ban yi mamaki ba, tafina ya riga ya faɗa mini. Na ɗauki mai nauyin dutsen guga da gudumar na sa a jaka, na ce wannan karon zan lallashi Hajiya ko da zan wuni. Na biya na ɗauki Uwata. Ta ga jakar, ta juya tana kallon titi har muka isa.

Muka gaida Hajiya, ta tambayi gida da kasuwa da gajiya da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ɗaga kai. A alkuki babu allo. Ɗan kwanon tasa ne a zaune, mai murfi da zanen furanni, cikin kwanukan aurenta da take adana turare da 'yan kunne. Wayoyi biyu sun leƙo ta ƙarƙashin murfin.

“Hajiya, wa ya sa shi a kwano?”

“Ni na sa a sa. Abin da takwara ta yi da hannunta zai zauna a fili kamar ɓawon gyaɗa? Ƙura ta hau shi, ƙadangare ya taka?”

Uwata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta miƙe ta ɗaga murfin. Ba a jima ba wayar da ke kusa da matashi ta yi ƙara, saƙonnin da suka taru suna ta shigowa.

“Hajiya, ƙarfe ne ya tsare shi,” in ji ta. “Sabis ba ya ratsa tasa. Na zaure ta waya yake bi, shi ya sa ya tsira. Naki kuwa kin kulle shi da murfi.”

“To ni dai ba za a bar shi tsirara ba.”

Na dubi jakata, na dubi bangon. Na tambayi Uwata ko sabis yana ratsa ƙwarya. Ta ce kamar babu ita. Aka ɗauko wata 'yar ƙwarya mai zane, aka kwantar da allon a ciki, aka rufe da ɗan faifai. Hajiya ta duba ta ce yanzu ya yi mutunci.

Ta kira Maraɗi da kanta. Muka koma bakin ƙofa muka zauna. Rana ta karkato, haske ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan sawun yatsun Malam, muryar tsofaffin biyu tana hawa tana sauka, suna gardama a kan wace ce ta fasa tulun kakarsu tun suna yara. Na riƙa jin kamar ina ganin maganar tana fita daga ƙwarya, ta bi lanƙwasassun lungunan nan, ta hau soro, ta miƙe arewa a kan gonakin gero.

Uwata ta taɓa jakar da ƙafa ta ce, “Baba, me ka kawo mai nauyi haka?”

“Kayan wani ne,” na ce. “Zan mayar shago.”

Har yau ina girgiza kaya a tafi, hannu ya saba. Amma idan mai saye ya ɗaga ƙarami ya yatsine fuska, nakan miƙa masa gilashin in ce ya kara ido tukuna.