Wuƙar da na bari a mota

Talotalon daji ya fito yana baje jela, yana neman macen da ya ji tana kuka. Bai san ni ne nake kwaikwayon kukan da ɗan akwatin katako ba.

Da safiyar Asabar ne, a dajin Pleasant Garden, ni da Malam Idi mai koya mini farauta. Na yi bisimilla na harba. Muka tarar da sauran ransa.

"Kawo wuƙa mu yanka."

"Tana mota, Malam."

Na sheƙa da gudu. Kafin in dawo ya mutu.

Malam ya girgiza kai: "Ka yaudare shi da muryar mace, kuma ka bar shi ya zama mushe."

Har yanzu maganar nan tana cina. Jama'a, yaya ake sauke irin wannan alhaki?