Alif a Kan Garwashi

Kakarmu, Iya, tana sayar da kanwa da alif a kasuwar Sabon Gari. In an yi sallar isha'i mukan kewaye murhunta a tsakar gidanmu na unguwar Jama'a, ta yi mana tatsuniya tana gasa masara.

Ina da shekara tara mahaifinmu ya rasu. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ranar jana'iza maƙwabciyarmu Mama Chidi har birgima ta yi, amma Iya tana zaune tana jan carbi, ido a bushe. Na ji Mama Chidi na raɗa wa wata, "Wace irin uwa ce wannan?" Kunya ta rufe ni. Tun daga ranar na daina zama kusa da Iya.

Bayan sadakar arba'in ta sake hura murhun. Ta ce, "Hajara, matso. Ta yau gajeriya ce."

Wai wata mata ce ɗanta na fari ya tafi kogi bai dawo ba. Kunya ta hana ta kuka a idon jama'a, sai ta riƙa zuwa bayan gari tana yi wa wani farin dutse. Dutsen ya shanye hawayen kaf. Duk wanda ya taɓa shi sai ya ji shi a bushe, har aka ce ƙarya take, ba ta taɓa kuka ba.

Na ce, "To, ai ba shaida."

Iya ta ɗauko ɓallin alif ta miƙo mini. "Da ruwa a ciki?"

"Babu."

Ta ɗora shi a kan garwashi. Ya narke, ya yi ta tafasa yana huci, har ya koma farin kumfa. Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da juya masararta. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Da na shiga jami'a a Samaru, mun ƙona alif a darasin kimiyya, ya rage nauyi kusan rabi. Malamin ya ce ruwan da ya fita daga cikinsa ba jiƙa shi ya yi ba, da shi aka gina jikinsa.

Lokacin Iya ta riga ta rasu. Har yau ina tunanin kwana arba'in ɗin da ta yi bayan ta rasa ɗa, jikarta kuma tana gudun ta.