Kafur ɗin Gwaggo

Har yau in na ji warin kafur sai raina ya ɓaci. Jikokina sun sani, ko a aljihu ba mai shigo mini gida da shi.

A Wudil na tashi, a shekarun da Turawa ke haramar tafiya. Mu uku ne mata a ɗakin Innata, ni ce babba. Ta haifi maza biyu a jere, duka suka koma kafin suna. Yadda na farko ya tafi haka na biyu ya bi: a haife shi jajir da ƙoshin lafiya, kwana kaɗan idonsa ya koma kamar ƙwaiduwa, ya daina kama nono, ya sandare. Na biyun ma har an ɗaure rago a tsakar gida.

Gwaggo, yayar Babanmu, ita ce mai faɗa a ji a gidan. Tana da akwatin ƙarfe da take alfahari da shi, cike da zannuwa da 'yan riguna da huluna da ta tanada wa magajin ƙanenta. Duk Juma'a in kasuwa ta ci sai ta sayo kafur ta ƙara zubawa, wai kada asu ya taɓa. Mu mata tsumma aka naɗe mu da shi, ba wanda ya buɗe mana akwati. Amma da an ce namiji ne, sai ga ta da kayan nan suna tashin wari, ta naɗe jariri tun daga ka har ƙafa, ta tura sauran ƙarƙashin kansa.

Bayan an binne na biyu, ita ce ta fara ɗaga murya. A gaban mata 'yan gaisuwa ta ce, "Ni fa ba na rufa-rufa. Nonon yarinyar nan ba ya karɓar maza."

Aka kira ungozoma ta yi gwaji. Aka sa Inna ta tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki, wai in ta fito nono lafiya lau, in ta mutu mugu ne. Ina tsaye ina kallo. Ludayin nan mai zurfi ne, kuma sulɓi gare shi, ko a ruwan randa aka jefa ta ba fita za ta yi ba. Tururuwa ta nutse. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "To, kun dai gani." Inna ta ja zane ta rufe ƙirjinta. Babanmu kuwa yana zaure, ko leƙowa bai yi ba, kuma wannan shirun nasa ban yafe shi da wuri ba.

Da Allah ya sake ba ta namiji, tun bai sha ɗigo ɗaya ba aka ɗauke shi. Kakata ta wajen uwa ta goya shi zuwa Utai, inda wata 'yar'uwarta ke jego. Gwaggo ta yi fushi ta hana kayanta, ta ce ba za a kai su ƙauye hayaƙi ya ɓata ba. Da tsohon zanen kaka aka rufe shi, ya kuwa rayu. Shi ke nan, magana ta tabbata a bakin kowa. Inna tana ɗaka nono ya kumbura yana zuba, tana kuka tana cewa, "Alhamdu lillahi da aka raba shi da ni."

Ban gane gaskiyar lamarin ba sai da na yi jika namiji, ɗan 'yata, idonsa ya yi rawaya muka garzaya asibiti a Kano. Likita ya dube ni ya ce, "Hajiya, kuna sa kafur a kayansa?" Ya ce akwai wani sinadari a jini da ke tsare ƙwayoyinsa kada su fashe. Wasu yara, galibi maza, da kaɗan ake haifarsu, kuma warin kafur kawai ya isa ya farfasa musu jini. Ya ce gado ne, ba laifin kowa ba.

Na ce, "Nonon uwa fa?"

Ya ce, "Nono ai shi ne ma taimakonsa."

Na zauna a kan benci, haushi ya cika ni. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Matar da ta tsaya a tsakar gida ta yanke wa uwata hukunci, da hannunta ta yi ta naɗe 'ya'yan nan a cikin abin da ya kashe su. Na san ba da gangan ta yi ba, amma tozarcin da ta yi wa Inna da gangan ne.

Jikana ya warke. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, ba ta taɓa sani ba. Inna ma ta rigaye ta. Ƙanena ya girma yana kiran matar Utai Inna, Innarmu kuma sai ya ce mata Baba, kamar yadda ake kiran kowace dattijuwa. Ranar da aka haifa masa ɗan fari, Innarmu tana da rai, ya miƙa mata jaririn ta sa albarka, sai ta mai da hannuwanta baya ta ce, "A'a, ɗan nan, ba wa wata. Ni ba na ɗaukar maza."