Yatsan Mu'awiya da ƙarar hanyar Zurmi

A Kaura Namoda, in mota ta fara wani kuka, wurin Mu'awiya Mai Kunne ake kai ta. Shekara talatin yana kanikanci, bai taɓa buɗe inji kafin ya saurara ba. Dokarsa ɗaya ce: in ya ɗaga yatsa ya karkata kai, kowa ya yi shiru, ko da limamin unguwa ne. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ba zan ɓoye ba, yatsan nan yana ba ni haushi.

Wata ranar kasuwar Zurmi motar Sufyanu, mijin 'yarsa Zubaida, ta mutu murus a can, ko ham ba ta yi. Mu'awiya ya ɗaure ta da sarƙa a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa don ya jawo ta gida. Sufyanu ya zauna a sitiyarin matacciyar, mu uku 'yan cin arziki muka cika gaba.

Ba mu yi nisa ba sai ga ƙara, ƙwan-ƙwan-ƙwan, kamar ana bugun tukunya. Mu'awiya ya tsaya, ƙara ta tsaya. Sufyanu ya fito ya durƙusa, ya ce "Baba", sai yatsa ya tashi. Bawan Allah ya haɗiye maganarsa. Mu'awiya ya ce salansa ce, ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure ta da waya.

Da muka shiga gangara ƙarar ta dawo, har ta fi da. Ya ce sifirin ne. Can gaba ya ce ƙyauren baya ne, ya kwance shi ya ɗora mana a cinya. Sau biyar muna tsayawa, sau biyar Sufyanu yana durƙusawa, sau biyar yatsa yana tashi. Gumi ya jiƙa Mu'awiya sharkaf. Ba motar ce damuwarsa ba, mu ne, don ya san kafin magariba duk majalisa za ta ji cewa kunne ya gaza. Har na fara jin tausayinsa.

A ƙofar gida Zubaida ta kawo ruwa, ta ga ƙofar motar mijinta duk ta lotsa, ga sifana a hannunsa. Ya raɗa mata, ita kuwa ba ta da surukin da za ta ji kunya, ta faɗa da ƙarfi. Ashe birkinsa ne ba ya kamawa sosai, ham kuma babu, shi ne yake dukan ƙofa don Baba ya rage gudu.

"Mi ya hana ka hwaɗi tun can?" in ji Mu'awiya.

Sufyanu ya sunkuyar da kai, ya saci kallon yatsan. Mu'awiya ma ya dubi yatsan nasa, ya tura hannu aljihu.

Har yau yana gyaran mota da kunne, kuma har yau babu kamarsa. Sai dai kafin ya ɗaga yatsa yakan waiwaya ya tambaya ko akwai mai magana.